Ta yaya dabbobin farko suka fara gina ɓawo da ƙashi daga ma'adinan teku?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar kimiyya ce a wata sakandare a Sakkwato. Ɗalibaina sun kawo mini guntun farin dutse daga wajen Kalambaina, cike da koɗi da ya riga ya zama dutse. Muna cikin bayani sai wata yarinya ta tambaye ni: tun da an ce dabbobin farko duk masu laushin jiki ne, ta yaya aka yi suka fara yin ɓawo mai tauri da ƙashi, kuma me ya kai su ga haka? Amsar da na ba ta ko ni ba ta gamsar da ni ba."

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya saka da alheri, kuma a gaishe mini da yarinyar, domin abin da ta tambaya masana burbushin halittu sun shafe fiye da ƙarni ɗaya da rabi suna kai-kawo a kansa. Idan na fahimce ta, tana son sanin yadda dabbar da jikinta tsoka ce zalla ta iya ɗebo ma'adini daga ruwan teku ta mayar da shi ɓawo, da kuma dalilin da ya sa ta ɗora wa kanta wannan aiki bayan magabatanta sun rayu miliyoyin shekaru ba tare da shi ba. Gara in faɗi matsayata tun da wuri. Dabbobi sun mallaki kayan aikin sarrafa ma'adini a cikin jikinsu tun kafin su san amfanin ɓawo, sauyin da ruwan teku ya yi ya sauƙaƙa musu ginin, amma abin da ya tilasta musu yinsa, a ganina, shi ne bayyanar dabbobin da ke cin 'yan'uwansu.

Dutsen da ke hannunki kuwa, duk da tsufansa, yaro ne a wannan labari. Farar ƙasar Kalambaina, wadda ake yin siminti da ita, ta kwanta ne kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, lokacin da wani reshen teku ya malalo ya rufe yankin Sakkwato da kudancin Nijar. A lokacin sana'ar gina ɓawo ta kusa shekaru miliyan 500 da kafuwa. Wanda ke neman mafarinta sai ya nufi kudancin Namibiya, da kudancin Sin, da kogunan Saberiya.

Abin da duwatsu suka adana

Zamanin da ake kira Idiyakara ya fara ne shekaru miliyan 635 da suka wuce, ya ƙare kimanin miliyan 539. A ƙarshe-ƙarshensa akwai manyan halittu a ƙasan teku, wasu sun haura mita ɗaya a tsawo, amma babu ƙashi ko ɓawo a jikinsu, shi ya sa abin da suka bari kawai shi ne shatar jikinsu a kan yashin da ya daskare. Sai wajen shekaru miliyan 550 aka fara ganin wani abu dabam. A shekarar 1972 wani masanin duwatsu mai suna Gerard Germs ya bayyana wata halitta da ya samo a duwatsun Nama na Namibiya, ya raɗa mata suna Cloudina don girmama wani masanin duwatsun, Preston Cloud. Bututu ne siriri, faɗinsa bai wuce 'yan milimita ba, an gina shi da ƙananan mazurarai, kowane a zaune cikin bakin na ƙasa da shi, dabbar kuma tana zaune a na can sama, tana ƙara sabo idan ta girma. Daga baya an same ta a Oman da Sin da Birazil da Sifaniya da yammacin Amurka. A duwatsun Nama ɗin dai aka samo Namacalathus, mai siffar ƙoƙo a kan kara, da Namapoikia, wadda ke manne a cikin tsagogin tudun ƙarƙashin ruwa, faɗinta ya kan kai mita ɗaya.

Akwai abin lura a nan da ake yawan tsallakewa. Bangon bututun Cloudina ba shi da kauri, kuma a wasu samfurori ana ganin ya lanƙwashe maimakon ya fashe, alamar cewa ma'adinin da ke cikinsa kaɗan ne, mafi yawansa kayan jiki ne mai danƙo. Haka kuma tana da 'yan'uwa masu siffa iri ɗaya da ita waɗanda bututunsu ba shi da ma'adini ko kaɗan. Ke nan gidan ya riga ma'adinin zuwa, daga baya aka riƙa cusa masa farar ƙasa yana ƙara tauri.

Da aka shiga zamanin Kambiriyan, wanda ya biyo bayan Idiyakara, sai abin ya yawaita. Duwatsun bakin kogin Aldan da kogin Lena a Saberiya cike suke da ƙananan bututai da ƙayoyi da huluna da faifai, yawancinsu milimita ɗaya zuwa biyu. Hanyar fito da su daga dutse aiki ne da na daɗe ina yi, kuma haƙuri yake so fiye da basira. Ana fasa dutsen ƙanana, a jiƙa shi a ruwan asid mai rauni, irin wanda ke cikin ruwan khal, a bar shi yana ɗan kumfa har makonni, ana sauya ruwan. Farar ƙasar ta kan narke, amma ɓawon da sinadarin fosfet ya maye gurbinsa ya kan tsira. Sai a wanke guggubin a rariya, a shanya, a baza shi a faranti ƙarƙashin madubin ƙara girma, a riƙa tsince su ɗaya bayan ɗaya da bakin siririn burushi mai ɗan laima. Numfashi mai ƙarfi ma ya kan watsar da aikin yini guda. Matsalar ita ce abin da ke farantin tarkace ne, kuma shekara da shekaru ana ba kowane guntu sunansa a zaton dabba ce mai zaman kanta. Sai a 1990 Simon Conway Morris da John Peel suka bayyana cikakkiyar Halkieria daga arewacin Girinlan, aka ga ashe dabba ce mai jan ciki, bayanta lulluɓe da ɗaruruwan ƙananan ɓawo, ga kuma faifai guda a gaba, guda a baya. Haka ya faru da Microdictyon, wasu 'yan faifai masu huji-huji, waɗanda duwatsun Chengjiang na Sin suka nuna cewa a jere suke a kafaɗun wata tsutsa mai ƙafafu. Yawancin sulken farko gutsi-gutsi aka yi shi, ɓawo guda mai rufe jiki duka daga baya ya yawaita.

Wajen shekaru miliyan 521 tirailobait, wasu dabbobin teku masu jiki gaɓa-gaɓa da ƙafafu da yawa, suka bayyana da sulken farar ƙasa har a idanunsu. Wani nazari da aka buga a shekarar 2000 ya gano cewa zuwa lokacin duwatsun Burgess na Kanada, masu shekaru miliyan 508, dabbobi sun riga sun yi amfani da kusan kashi 80 cikin 100 na dabarun gina ƙwarangwal da aka sani a tarihinsu gaba ɗaya.

Yadda ake ginin

Kowace ƙwayar halitta mai rai, ta dabba ko ta tsiro, tana da aikin korar kalsiyam daga cikinta, domin idan ya taru ya kan haɗu da fosfet ɗin da take amfani da shi ya daskare, ya kashe ta. Saboda haka take riƙe shi a cikinta ƙasa da na waje da kusan ninki 10,000, tana amfani da wasu furotin da ke bangonta suna tura shi waje ba dare ba rana, ɗan abin da ta bari ya shigo kuma da shi take motsa tsoka da aika saƙo. Akwai kuma wani tsohon sinadarin jiki mai suna kabonik anhaidires, wanda ke mayar da iskar da muke fitarwa a numfashi zuwa baikabonet, wanda daga gare shi ake samun kabonet, cikin gaggawa, yana nan a jininmu yau, yana nan a jikin soson teku. Kalsiyam da kabonet su ne farar ƙasa. Dabba ta mallaki mai tura na farkon da mai samar da na biyun tun kafin ta yi ɓawo, abin da ya rage shi ne ta tara su wuri guda ta kuma iya juya su.

Juyawar ce mai wuya. Ruwan saman teku a ƙoshe yake da waɗannan sinadarai, a tekun wancan zamani ma abin ya fi haka, har farar ƙasa ta kan kwanta da kanta a kan duk abin da ta samu, kamar dai farin da ke kama cikin butar shayi idan ana yawan tafasa ruwan rijiya. Dabba mai laushin fata tana buƙatar kariya daga wannan, kuma yauƙin da ke jikinta yana ɗauke da furotin masu kama kalsiyam su hana shi daskarewa. A 1996 Frédéric Marin da abokan aikinsa suka nuna kamanni tsakanin furotin na yauƙin da furotin da ke cikin ɓawon kawa da murjani, suka kawo shawarar cewa abin da ke hana ma'adini kwanciya shi ne daga baya ya zama mai tsara inda zai kwanta. Wannan bayani yana gamsar da ni, domin furotin ɗin da ya iya manne wa gefen kiristal ya tsayar da girmansa, idan ya manne a wani gefe ya bar wani, ya riga ya fara ba kiristal ɗin siffa.

Dodon koɗi na nuna yadda aikin ke tafiya yau. Fatar da ke ƙarƙashin katantanwarsa tana fara shimfiɗa siririn mayafi na furotin a bakin ɓawon, ta keɓe ɗan fili tsakaninta da shi wanda ruwan waje ba ya shiga. A cikin filin take zuba kalsiyam da kabonet, tana janye asid ɗin da aikin ke haifarwa, tana kuma saƙa zaren furotin da kaitin (abin da ke ba fatar ƙwari tauri) wanda kiristal zai bi. Ƙyallin da ake gani a cikin ɓawon wasu kawa kusan kashi 95 cikin 100 ma'adini ne, sauran 'yan kason kuma kayan jiki ne da ke tsakanin faifan ma'adinin, amma wannan ɗan kaɗan ya sa ya fi ma'adinin zalla jure karaya nesa ba kusa ba, saboda tsaga ba ta samun miƙaƙƙiyar hanya.

Ba daga kaka guda aka gaji wannan sana'a ba. Soson teku da yawa da silika suke yin ƙayoyinsu, wato sinadarin gilashi. Dangin dodon koɗi da murjani da bushiyar teku farar ƙasa suka ɗauka, wasu birakiyofod (dabbobin teku masu ɓawo biyu kamar kawa) da mu masu ƙashin baya muka ɗauki fosfet. Ko a cikin masu farar ƙasar, furotin da kowace zuriya ke amfani da su sun sha bamban, kuma a reshe-reshe na dangantakarsu ana samun masu laushi a gindi, masu tauri a sama. Andrew Knoll na Jami'ar Harvard ya ƙiyasta a 2003 cewa ƙwarangwal na farar ƙasa ya ɓullo fiye da sau 20 dabam-dabam a tsakanin dabbobi da tsirran ruwa da ƙananan halittu. Ni dai mutumin dutse ne, a batun ƙwayoyin gado da furotin aikin wasu nake karantawa, amma abin da suka gano ya yi daidai da abin da jerin duwatsu ke nunawa, inda kowace ƙungiya ke bayyana da nata ma'adini a nata lokaci.

Me ya sa a wancan lokacin?

Idan zuriyoyi da yawa da ba su haɗa hanya ba suka kama abu guda cikin shekaru miliyan 30, dole akwai abin da ya same su tare. Masu kallon sinadarai suna da hujja mai kyau. Gishirin dutse ya kan kulle ɗigon ruwan tekun da ya fito daga cikinsa, kuma binciken irin waɗannan ɗigo da aka buga a 2004 ya nuna kalsiyam ɗin teku ya ninka kusan sau uku a farkon Kambiriyan. A 2012 Shanan Peters da Robert Gaines suka danganta irin wannan ƙari da mamayar da teku ya yi wa nahiyoyin da suka daɗe suna zaizayewa, ya wanko ma'adinansu. Mafi ban sha'awa shi ne aikin Susannah Porter na 2007. Farar ƙasa iri biyu ce, aragonait da kalsait, sinadarinsu ɗaya amma tsarin kiristal ɗinsu dabam, kuma yawan magniziyam a ruwa ne ke sa ɗaya ya fi ɗaya sauƙin kwanciya. Ta nuna cewa zuriyoyin da suka fara ɓawo lokacin da magniziyam ya yi yawa aragonait suka ɗauka, waɗanda suka fara bayan ya ragu, irin su tirailobait, suka ɗauki kalsait, kuma yawancinsu ba su sake ba ko da tekun ya sake juyawa. Ruwa ne ya zaɓa musu kayan gini. Iskar oksijin ma ta taka rawa, domin a duwatsun Nama masu ɓawo sun fi zama a inda alamu suka nuna ruwan yana da wadatarta.

Daga nan wasu suka ce ɓawo juji ne kawai, wato kalsiyam ya yi wa dabbobi yawa, suka riƙa zubar da shi a bayan fatarsu. Wannan zai iya bayyana yadda ɓawon farko ya soma, amma bai isa ba. Ƙarin kalsiyam ba ya gaya mana dalilin da ya sa soso ya koma ga silika a daidai wannan zamani, ko dalilin da ya sa wasu tsutsotsi suka riƙa manna ƙwayoyin yashi suna gina bututu, alhali yashi ba daga jikinsu yake fitowa ba. Sannan ginin yana da tsada. Richard Palmer ya auna a jikin dodon koɗin teku a 1992, ya ga cewa furotin ɗin ɓawo ya fi ma'adininsa cin ƙarfi fiye da ninki goma idan aka kwatanta nauyi da nauyi. Dabbar da zubar da shara kawai take yi ba za ta kashe wannan ƙarfi tana jera ta a siffar ƙaya mai tsini ba.

Hujjar da ta fi kama hankalina huji ne wanda faɗinsa bai kai rabin milimita ba. A 1992 Stefan Bengtson da Yue Zhao suka ba da rahoton bututan Cloudina daga lardin Shaanxi na Sin waɗanda aka huda. Hujin a zagaye yake tsaf, yawanci guda ɗaya a kowane bututu, kuma babban bututu babban huji, ƙarami ƙaramin huji, abin da ke nuna cewa mai hudar yana zaɓen abin da ya yi daidai da girmansa, kuma naman da ke ciki yake nema. Wani bincike na baya ya ƙara da cewa Sinotubulites, wata mai bututu da ke kwance tare da Cloudina a dutse guda, ba a huda ta ba. Ruɓewa ko narkewar dutse ba sa zaɓe irin wannan. A kudancin Ostireliya kuma an bi ɓawon wata ƙaramar dabba mai suna Lapworthella, mai shekaru kimanin miliyan 517, daga shimfiɗar dutse ta ƙasa zuwa ta sama, aka ga kaurinsa yana ƙaruwa a daidai lokacin da yawan waɗanda aka huda yake ƙaruwa. Makaman ma suna nan: daga cikin tsofaffin abubuwa masu tauri na Kambiriyan akwai lanƙwasassun ƙayoyi da ake jingina wa tsutsotsi masu cafke abinci. Ko kafin dabbobi abin ya taɓa faruwa. Duwatsun Yukon na Kanada masu shekaru miliyan 810 suna ɗauke da ƙananan faifan fosfet na halittu masu ƙwaya ɗaya, kuma a Grand Canyon na Amurka an samu kwanson irin waɗannan halittu masu shekaru kimanin miliyan 740 da aka huda. Wannan ya riga ƙarin kalsiyam na Kambiriyan da nisa.

Hujjar tana da iyaka, kuma ya kamata ɗalibai su san ta. Ba a samu mai hudar Cloudina ba, domin da alama shi ma mai laushin jiki ne, kuma akwai masanan da ke ganin wasu hujin bayan mutuwar dabbar aka yi su. Ɓawon da muke tsincewa ma sau da yawa ba asalin ma'adinin ba ne, fosfet ne ya kwafi siffarsa, don haka gano abin da dabbar ta yi amfani da shi tun asali ya kan dogara ga shatar kiristal da ta rage. Kuma da zarar tauri ya samu, amfaninsa ya wuce kariya. Cloudina ta yi amfani da shi ta manne da 'yan'uwanta suka tada tudu a ƙasan tekun Namibiya wajen shekaru miliyan 548, ta ɗaga bakinta sama inda ruwa ke kawo abinci. Tsoka ta samu wurin kamawa, gaɓoɓi suka samu ƙarfi, haƙora suka samu kaifi.

Batun ƙashi

Namu ya makara. Masu kama da kifi na farko a Chengjiang, irin su Haikouichthys mai shekaru miliyan 518, ba su da ƙashi mai ma'adini. Sai a zamanin Odobishiyan, tsakanin shekaru miliyan 470 zuwa 450, aka samu kifaye marasa muƙamuƙi kamar Arandaspis na Ostireliya da Sacabambaspis na Boliviya, kansu da ƙirjinsu a rufe da faranti na ƙashi, samansa da ƙananan ƙuraje na irin abin da ke cikin haƙori. A fata ƙashi ya fara, ƙwarangwal ɗin ciki kuwa guringuntsi ne, sai daga baya ma'adini ya shige shi. Ƙasusuwan saman ƙoƙon kanmu daga wancan sulke na fata suka samo asali. Ƙurajen suna da 'yan kafofi masu kaiwa ga ɓargon ciki, shi ya sa wasu masana ke ganin ban da kariya suna taimaka wa kifin jin abin da ke faruwa a ruwa.

Dalilin da ya sa muka ɗauki fosfet maimakon farar ƙasa, wadda ta fi araha, har yanzu ana muhawara a kansa. Fosfet abu ne mai ƙaranci a teku, jiki kuma ba ya aiki sai da shi, don haka ƙashi ya zama rumbunsa, har yau kusan kashi 85 cikin 100 na fosfaras ɗin jikin mutum a ƙashi da haƙori yake. John Ruben da Albert Bennett sun kawo wani dalilin a 1987: dabba mai zabura da gudu tana tara asid a jininta, asid kuma yana narkar da farar ƙasa cikin sauƙi fiye da fosfet, saboda haka ƙashin fosfet ya fi dacewa da mai irin wannan rayuwa. Bayanin yana da ma'ana, sai dai birakiyofod masu ɓawon fosfet a cikin laka suke zaune, ba sa zuwa ko'ina, don haka gudu kaɗai ba zai zama dalilin kowa ba.